Ka Dawo Mini da Jirgin Babanku

Injiniya,

Na tafi asibiti awon jini. Kana barci, ban tashe ka ba.

Da safe na kunna kwamfutar babanku, wasan nan nasa na tuƙin jirgin sama. Ina danna ƙaramin jirgin da ya ƙara da kansa, mai jar wutsiya, sai komai ya ɗauke. Sau huɗu. Na zare wayar wuta na mayar, duk ɗaya.

Shekara biyu tun rasuwarsa, duk sanda akwatin saƙon nan ya fito a fuskar kwamfutar yana neman a sabunta wasan, maɓallin hagu nake dannawa, yadda ya koya mini. Ni da ban yi boko ba na kiyaye. Kai mai digiri jiya ka danna na dama.

Ƙanwarka ta ce wai maganinsa a goge jirgin. Kada ka kuskura. Ni ba tuƙi na iya ba. Kunna shi nake, in bar injin yana ƙugi ina shan shayi, sai in ji kamar yana ɗaki.

Ka mayar da shi yadda yake kafin in dawo. Yau cikin shiru na karya.

Mamarka