Mai Ɗori Zai Zo Ranar Alhamis

Anti Khairiyya, don Allah ki taimake ni kafin Alhamis.

Ni tela ce a Gumel, shekarata ashirin da uku. Da haƙori nake tsinke zare tun ina koyon ɗinki. Shekara uku ke nan zaren yana sulluɓe mini, haƙoran gaba sun daina haɗuwa. Na jera hotona na makaranta da na katin zaɓe da na bara, sai na ga haɓata tana tafiya hagu a hankali. Ba ciwo sosai, sai ƙara kusa da kunnen dama in ina tauna.

Likita a Kano ya ce ƙashin muƙamuƙina na dama ne bai daina girma ba, shi ke ture haɓar. Ya ce in koma bayan wata shida a sake hoto, sannan a san irin tiyatar da za a yi. Da Baba ya ji za a yanka ƙashi, sai ya tsorata, ya nemi wata hanya. Shekaranjiya Iya ta tsegunta mini ya yi magana da Malam Cindo mai ɗori, wanda ya gyara masa ƙafa lokacin da wani bijimin sa ya take shi a kasuwar Maigatari. Malam Cindo bai gan ni ba, kwatance aka yi masa, ya ce gocewa ce. Zai biyo in kasuwa ta tashi ranar Alhamis. An ce yayyena biyu kada su yi nisa, za a buƙaci masu riƙewa. Iya ta wanke farin ƙyallen da za a ɗaure ni da shi, ga shi can a kan igiya.

Ban taɓa yi wa Baba musu ba, kuma tiyatar ma tsoronta nake.

'Yarki a Gumel

'Yata,

Kada ki bari a danna wannan muƙamuƙi. Abin da ya goce ake mayarwa. Naki yana mazauninsa, tsawo ya ƙara. In aka sa ƙarfi, zai iya karyewa a gindin kunne, kumburi ya matse numfashi, ko ya warke a kafe har cokali ya kasa shiga.

Mahaifinki ba mugunta yake nufi ba. Da ƙafar da Malam Cindo ya ɗora yake tafiya, likitan kuwa bai taɓa ganinsa ba. Tsoronsa ma yana da tushe: bayan tiyata akwai makonni na kunu da romo, leɓe kan yi dindiris, wani lokaci ya daɗe a haka. Amma aiki ne da ake aunawa kafin a taɓa, shi ya sa aka ce ki jira.

Kada ki bari sai Alhamis. Gobe ki roƙi Iya da babban yayanki su kai wa Malam Cindo hoton ƙashin, ya nuna musu inda ya goce. Wanda ya daɗe yana ɗori ya san abin da ba nasa ba, kuma daga bakinsa mahaifinki zai fi saurin ji. Ki kira likitan su gaisa da Baba a waya, in lokacin komawa ya yi ku tafi tare.

In duk da haka aka shimfiɗa tabarma don a danna miki, ki ce ba ki yarda ba, cikin ladabi, a gaban kowa. Da wannan baki za ki ci abinci har tsufa.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyar Baba.

Anti Khairiyya