Gidan Inna Tsakanin Titi Biyu

Anti, don Allah ki agaza min kafin takaici ya kashe ni. Gidan mahaifiyata yana daidai iyakar garinmu da garin maƙwabta. Garuruwan suka amince a haɗa su da titi ɗaya, amma don tsabar girman kai kowanne ya zana rabinsa a ofishinsa, ba wanda ya leƙa taswirar ɗan'uwansa. Aka malala kwalta daga can, aka malala daga nan, sai ga titunan sun saɓa. Namu ya tsaya a kusurwar gidan Inna ta gaba, nasu a bayan ɗakin girkinta. Yanzu wai sun kafa kwamitin haɗin gwiwa, aikinsa na farko shafa wa katangar Inna jan fenti, alamar za a rushe gidan.

Kin san wa ya zana namu? Maigidana! Kullum cewa yake laifin mutanen can ne, su ma haka suke cewa. Inna da ta yi renon 'ya'yansa, ko leƙa ta bai yi ba. Inna ta daina cin abinci, tana wuni ƙarƙashin bishiyar da marigayi Baba ya dasa. Ni kam na daina kula maigidan. Wallahi ji nake in je in zauna gaban katafila.

Mai Ƙunar Zuci

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya: sakacin ofisoshi biyu bai kamata ya faɗa kan tsohuwa ɗaya ba. Sai dai jama'ar garuruwan nan na buƙatar titin, kuma gaba da miji ba ta goge fenti. Wataƙila kunya ce ta hana shi zuwa.

Ki buɗe baki ki yi masa magana. Ya ɗauko takwaransa na can, su shimfiɗa taswirorin biyu a tsakar gidan Inna, su duba ko titin zai iya lanƙwasawa. In ba zai yiwu ba, ku dage kwamitin ya ba ta fili a bakin titin, a gina mata gida kafin a taɓa bulo ɗaya na tsohon. Kuma kada Inna ta sake jin labari daga jan fenti. Surukinta ya je ya durƙusa ya faɗa mata da bakinsa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba Inna lafiya.