Tabon Bajamushe da na Sale

Daren Talata, watan Rajab, unguwar Karantina, ƙasa mai tsarki

Har yanzu hannuna ƙarnin jini yake. Da hantsi aka kira ni otal in yi wa wani tsohon Bajamushe aski, ɗan majalisa, wai mai ra'ayin 'yan mazan jiya. Na ga tabo daga kunnensa har haɓa, na zaci tsagar gidansu ce. Tafintansa ya ce takobi ne, suna ɗalibai suke saran juna. Wai tabon ne ya buɗe masa ƙofofin manya. Tsohon sai shafa shi yake yana murmushi.

Bayan la'asar ƙanena Sale ya shigo, kunci a tsage. Wani ɗan dako ya zagi uwarmu a kasuwar Bab Makka, Sale ya fasa masa baki, shi kuma ya zaro wuƙa. Asibiti iƙama, takardar izinin zama, za su tambaya, ba shi da ita. Na danne shi da gwiwa ina ɗinkewa, yana ihu, "Yaya, halas, ya isa!" Ban tsaya ba.

Wallahi yankan Sale wuri ɗaya ne da na tsohon can. Shi nasa ya kai shi majalisa, Sale kuwa da nasa 'yan sanda za su gane shi gobe.