Wayar da Ba Ta Iya Gaisuwa Ba

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa da addu'a, ƙara na kawo miki, ko da yake na san ba amsa za ki ba ni ba.

Kin bar ni ina aikin rigakafin yara gida-gida a Safana. To, yanzu an ba mu waya mai bin sawunmu. Ita ke faɗin gidan da zan shiga, ita ke auna daɗewata a ciki. In na jima sai ta yi ja, wai ina zaman banza.

Ina tuna lokacin da kike ungozoma a Wagini, ranar da kika ja kunnena don na shiga gidan mutane na tsaya ƙerere. Kika ce, "Ke Hadiza, ba mai miƙa miki jaririnsa kina tsaye."

Satin da ya wuce na je ƙauyen Babban Duhu, gidan wata tsohuwa da ta daɗe tana korar masu rigakafi. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na tambayi gajiya, na tambayi damina, na yi mata ta'aziyyar ƙaninta. Ta dama fura na sha. Wayar na ta tsuwa a jaka, na yi banza da ita. Sai da tsohuwar ta gane ɗiyar wa ce ni, sannan ta ɗaga labule ta fito da jikanta.

Kafin in isa gida saƙo ya shigo, an dakatar da ni. Na sami shugabanmu, ya rantse ba shi ba ne, na'ura ce. To ina ofishin na'urar in je in kare kaina? Raina ya ɓaci, Inna, har kuka na yi.

Amma ban lanƙwasa ba. Mu matan aikin mun haɗa kai, mun ce wa manyanmu kada a ƙara dakatar da kowa sai mutum mai kunne ya saurare shi, kuma a gaya mana abin da wayar ke kaiwa a kanmu. Har yanzu shiru suke.

Jiya tsohuwar ta aiko, an sake haihuwa a gidan, kuma ta ce in ba ni ba kada kowa ya taka mata zaure. Ko su maida ni ko su bari, gobe zan je barka, kuma zan zauna har furar ta ƙare.

Na yi kewarki ƙwarai, Innata. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki.

Ɗiyarki mai taurin kai,
Hadiza