Littattafan Mama Biro

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Abba? Ki ce ina gaishe shi.

Yaya, ina cikin damuwa. Lasisina na jinya zai ƙare ƙarshen wata, kuma hukumarmu ba ta sabuntawa sai ka kawo shaidar ka ƙaro ilimi na awa sittin cikin shekara uku. Na zazzage akwatina kaf, takardar bita biyu kawai na samu, awa ashirin. Kin san sauran bitocin duk sun wuce ni lokacin da nake jinyar Abba. In ban cika ba, dakatar da ni za a yi.

Gobe zan kai wa shugabar ɓangarenmu na yara fom ɗin. Ita ce tsohuwar nan da muke kira Mama Biro, don kullum tana tsaye bayan mutum tana rubutu. Tsoronta nake ji. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kowa ƙalau. Yaya, zauna ki karanta wannan.

Da Mama Biro ta duba fom ɗin ba ta yi faɗa ba. Kabad ta buɗe. Littattafai ne jere, talatin da ɗaya, kowace shekara da nata, na farkon har sun yi ja. Kowane shafi da kwanan wata, da abin da ta koya, da wurin wa, da awa nawa, da abin da ta sauya a aikinta saboda shi. Ta ce ba bita kaɗai ake ƙirgawa ba. Lacca ta waya, karatun mujallar aiki, koyar da ɗalibai, zaman tattauna kuskure, duk ilimi ne, in dai an rubuta an sa hannu.

Sai ta shiga buɗe na shekarun nan uku. Yaya, sunana sau goma sha tara! Ranar da na koya wa ɗalibai auna maganin jarirai. Ranar da na bayyana kuskurena gaban kowa ina kuka. Abubuwan da ni kaina na manta. Ta haɗa awannin, suka haura arba'in, ta buga hatimi.

Amma wani shafi ne ya fi ba ni mamaki. Ta rubuta cewa yau ta koya daga yarinyar nan, wato ni, yadda ake haska tocila ƙarƙashin tafin jariri a ga jijiya, kuma daga yau ta daina huda yaro sau uku. Matar da ta fara aiki tun ba a haife ni ba! Ni kuwa ranar na ɗauka laifina take rubutawa.

Na tambaye ta me ya sa har yanzu take wahalar da kanta, tunda wata biyu ya rage ta yi ritaya, ba mai sake tambayarta. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Yaron gado na huɗu ya san zan yi ritaya ne?"

Sannan ta nuna mini ƙasan shafin tocilar, inda babu wanda ya sa hannu. Ta ce wurin sa hannun malami ne, ta miƙo mini biron. Wallahi Yaya, sai da na goge tafina a jikin riga sau biyu kafin na iya riƙe shi.

Lasisin ya fito jiya. Ki gaya wa Abba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta