Ƙwallon Fuseini Ta Kwashe Mini Mutane

Ɗana Sulemana,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya sanyi, ya iyali? Mu nan Choggu lafiya lau.

Tun shekarar da aka jawo mana lantarki, a ƙofata ake hira, amma yanzu kowa ya koma shagon Fuseini tela. Na'urar da yake wasan ƙwallo a talabijin da ita irin wadda ka aiko mini ce, amma 'yan wasansa gudu suke sumul, nawa kuwa kamar jaki a taɓo. Wai ya rage kaifin hoto, na'ura tana cike sauran da kanta.

Na ce, "Hoton ƙarya! Ni cikakke nake so."

Ya ce, "To Baba, zauna da cikakkenka kai kaɗai."

Gaida matarka, ku sa mu a addu'a. Gobe da safe zan rage nawa, amma kada Fuseini ya ji.