Ƙasar da Aka Sauke wa Kaya

Zuwa ga Talatuna, ruwan randata, inuwar tsamiyar ƙofar gidana, hadarin farko bayan zafin bazara.

Ina gaishe ki da hannuna, ban ba kowa ya rubuta mini ba. Don irin wannan rana na zauna a ajin yamma da furfurata.

Kwana tara ke nan kina Maruta, gidan yayanki Malam Buba, ni kuwa ina Birnin Kudu da farin cikin da ya fi ƙarfin ƙirjina, ba wanda zan raba da shi. Jikarmu Nasiha, wadda kika goya tun tana wata bakwai, ita wata jami'a ta kira daga Kanada! Na yi kuskure, na sani. Saƙon na zuwa na fita ba hula, na sanar a masallaci cewa mun yarda, alhali ke da kika riƙe ta ban tambaye ki ba. A bakin maƙwabta kika ji, kika yi fushi kika tafi. Wane irin tsoho ne ke yin haka?

Bari in faɗa miki aikin da za ta je yi, yadda ta zaunar da ni ta koya mini. A can, ƙanƙara mai tsayin duwatsu ta taɓa danne ƙasa har ta lotsa. Ƙanƙarar ta narke shekaru dubbai da suka wuce, amma har yau ƙasar tasowa take, kamar faɗin farce a shekara. Inda ba ta gama tasowa ba, ƙarfin da ke jawo abu ƙasa ya ɗan ragu, taurarin ɗan'adam kuma suna auna shi. Da haka ake gane kaurin abin da ke can cikin duniya, inda ba rijiyar da ta taɓa kaiwa. Da koko ne, da tuni ya cike gurbin. Tunda yana jan jiki haka, ya fi tuwon jiya tauri nesa ba kusa ba.

Tana bayani, ni kuwa ke nake gani. Kin tuna kakar da muka yi a Yalwan Damai, ranar da na sauke miki damin dawa daga ka? Ba ki miƙe nan take ba. A hankali wuyanki ya ɗago, kamar karan gero bayan iska, kika harare ni, sannan kika yi dariya. Wayyo Talatu! Shekara arba'in da shida, har yau zuciyata ba ta gama tasowa daga wannan harara ba. Ba na gaggauta ki. Wanda ya san zurfinki ya san fushinki ba ya sauka rana ɗaya.

Sai dai jami'ar na jiran amsa ran Juma'a, Nasiha kuma ta rantse ba za ta sa hannu ba sai da albarkarki. Laraba zan hau motar Gwaram in same ki a Maruta. In kin ce ta tafi, tare za mu raka ta. In kin ce a'a, da bakina zan gaya mata, in ce maganarmu ce mu biyu, ko da zan yi kuka a gabanta.

Naki tun gashina na baƙi, naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,
Haladu